Rigar da Ta Dawo

A Panipat ba kalanda muke dubawa ba,
dila ce ke ba mu labari.
In riguna masu kauri suka fara sauka daga mota,
to sanyi ya wuce a can ƙetare,
sun tuɓe, sun turo mana.

Ni ce Phulmati, ta layi na uku, jikin taga.
Shekara goma sha ɗaya ina zaune gaban wuƙa
da aka kafe a katako, bakinta na kallon rufi.
Ba ta zuwa wurin riga, riga ke zuwa wurinta.
Zif gefe guda, maɓalli a gwangwani,
ja ya bi ja, shuɗi ya bi shuɗi,
baƙi kuwa tsauni ne, kullum sai ya ƙara tsawo.

Yatsuna sun fi idona karatu.
Auduga tana da ɗumi, kamar tafin wanda ya san ka.
Wannan kuwa santsi ce zalla, ba ta shan gumi,
ba gona ce ta haife ta ba,
daga rijiyar mai danginta suka fito.
In na yi kokwanto sai in ƙyasta ashana:
auduga ta ci wuta, ta bar toka, ta yi sallama;
roba ta ƙanƙance, ta dunƙule baƙi ƙirin,
ta ce, ba inda za ni.

Gaskiyarta.
Ƙasa ta ƙi cinta, gara ta shinshina ta wuce.

Sai Dharampal ya san maganinta.
Injinsa na can bayan bango, haƙora dubu,
ya yayyaga, ya niƙe, tukunya ta narkar,
ta fito tsaba-tsaba kamar shinkafar da ba a dafawa.
A sake narkarwa, a matse ta cikin rariyar ƙarfe,
sai ga zare na zubowa, siriri, ya fi gashin jinjiri,
yana gudu ya naɗe kansa a ƙwarƙwaro.
Kakata a ƙauye wuni take da mazari ta tara dunƙule ɗaya.
Da ta ga wannan, da ta riƙe baki.

Aljihu nake fara lalubawa.
Na tsinci tikitin bas, na tsinci haƙorin yaro a takarda,
da mabuɗin wata ƙofa da ba zan taɓa gani ba.
Ran Talata kuma sai ga wata koriya, hannu ɗaya a yage,
a wuyanta kibau uku suna bin juna.
Sunaina ta kawo mini abinci, ta duƙa ta karanta:
"Mama, wai da tsohon zare aka saƙa ta.
Ga sunan garinmu a ƙasa."

Na juya ta, na sake juyawa.
Ashe ke ce?
Wataƙila ni na cire miki zif a rayuwar farko.
Kin hau jirgin ruwa, kin ga ƙanƙara,
kin rufe ƙirjin wani da ban san sunansa ba,
damina biyu kacal, ya gaji da ke.
Ni da ban taɓa wuce Delhi ba.

Na so in ɓoye ta a ƙasan zani in kai wa yarinyar,
idon mai duba aiki na kan ƙeyata.

Tari ya taso mini, irin na yamma,
mai fito da ɓurɓushin kala-kala.
Kwatar bayan masaƙa yau ja, gobe shuɗi.
Zare kam an samo masa hanyar dawowa;
numfashi ne har yanzu ba a ƙera injinsa ba.

Na ɗora ta a bakin wuƙa.
Zif ya faɗi gefe.
Na cilla ta kan 'yan'uwanta koraye, na ce:
sauka lafiya,
wannan karon ki daɗe.